Harawar Baba ta Ƙarshe

Daga Allah muke, gare shi kowa zai koma, kuma ranar Talata da hantsi layi ya zo kan Baba. Ya je sallar asuba da ƙafarsa, ya dawo ya sha kunu, ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a samo mota ya cika. Ni ne ɗansa na fari, kuma na faɗi haka tun yanzu ne saboda a wurin zaman makokin kusan ba wanda ya sani.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu na Gwagwalada, na zauna a tsakiya, inda babban ɗa yake zama. Jama'a suka yi ta zuwa. Dillalan dabbobi daga Dei-Dei, Fulani da sandunansu, manoma Gbagyi na ƙauyukan da ke kewaye da gonarmu. Sai mutum ya yi sallama, ya ba ni hannu kamar yadda ya ba na kusa da ni, ya wuce can ƙarshen tabarma inda mijin ƙanwata ya takure da tsohuwar rigarsa, ya durƙusa a gabansa. A can ake doguwar addu'a, a can ake share hawaye.

Wani dattijo dillalin raguna ya riƙe hannun mijin ƙanwata ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙurin rashin uba." Wani ya taɓa shi ya nuna masa ni, ya ce ai ga babban ɗan mamacin can. Dattijon ya juyo, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Au, ashe yana da wani ɗan? Oga, yi haƙuri, ban sani ba. Allah ya jiƙansa."

Na ce amin. Amma "wani ɗan" nan ta tsaya mini a rai har yamma.

Wata tsohuwa Kirista ta zo da doya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya. Ta sauke, ta zauna a ƙasa, ta kama bakin rigar mijin ƙanwata tana kuka. Ta ce, "Baba ya tafi. Akuya na zai ci me yanzu?" Ashe tun rasuwar mijinta, duk rani Baba yana aika mata harawa don awakinta uku. Ban san da wannan ba. Mijin ƙanwata ya sani, tun da shi yake kai mata a babur.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Baba. Na gwada sau biyu in rubuta shi tsaf, yabo da addu'a, na yaga. Ba zan iya ba da labarin mahaifina ba tare da na faɗi cewa shekara da shekaru ina kishin mutumin da ya auri ƙanwata ba. Kuma dole in faɗi abin da ya sami harawar Baba ta ƙarshe. Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin rasuwar, shi da mijin ƙanwata suka gama yanke ta, suka baza a gona don ta sha iska, da niyyar su naɗe ta su ɗora a rumfa ranar Laraba. Ranar da muka binne shi, noman shekararsa gaba ɗaya yana kwance a ƙasa, damina kuma ba ta gama tafiya ba.

Wanda bai san Baba ba zai ce mece ce harawa har ake ta magana. Ganyen wake ne da yaɗonsa, a busar a ba dabba, shi ke nan. Kowane manomi yana samunta bayan ya tsince wakensa. Baba shi ya juya abin, don ganyen yake shuka waken. Idan aka tambaye shi buhu nawa ya samu bana, sai ya ce, "Ku tambayi raguna." Wakensa mai yaɗo ne, irin da ya taho da shi daga ƙauyenmu na ƙasar Kano a cikin tsumma, yana rufe ƙasa ruf har ba ka ganin kunyar gonar, 'ya'yan kuwa kaɗan. Yana tsince kaɗan ɗin ya ajiye iri, sauran Inna ta yi mana ƙosai.

Da ya fara zuwa Abuja, a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei ya zauna yana sayar da harawar da ake kawowa daga arewa a manyan motoci. Abin da ya dame shi, kafin ta iso rabin ganyen ya kakkaɓe a hanya, sai kara. Yakan ce kunya yake ji ya miƙa wa mutum itace ya kira shi abincin rago. Shi ya sa ya nemi aron gona a gefen Karu, lokacin da Karu take da gonaki, ya fara noma tasa. Ya ƙara da gamba, doguwar ciyawar nan ta daji da ake yin zana da ita. Ya shiga daji ya haƙo gindinta, ya farfasa, ya dasa layi-layi kamar mai dasa rake. Maƙwabta suka riƙa tsayawa a bakin gona suna dariya. Kowa yana kashe kansa wajen cire ciyawa, ga Bahaushe yana shuka ta, har yana zuba mata taki. Suka sa masa suna Mai Ciyawa, ya karɓa da hannu biyu.

Gine-gine suka cinye gonar Karu ina makarantar sakandare. Na tuna ranar da aka zo kafa duwatsun fuloti. Baba bai yi jayayya da kowa ba. Ya roƙi kwana uku, ya haƙe gindin gambarsa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya loda a akori-kura, muka nufi bayan Gwagwalada. Kujerun Inna sai a sawu na biyu suka taho, kuma har ta tsufa ba ta daina yi masa gorin wannan ba.

A sabuwar gonar ya haɗu da mutumin da ya zama mijin ƙanwata. Gonar doyar gidansu ce take iyaka da tamu. Magidanci ne matashi a lokacin, Bagbagyi Musulmi, mai Hausar da ba ta san mace da namiji ba. Shi kaɗai a cikin maƙwabta bai yi dariya ba. Ya tsallako iyaka ya tsuguna, ya tambayi Baba me ya sa idan ya yanki gamba yake barin kamar tsawon tafin hannu a ƙasa. Baba ya ce idan ka aske ta ƙwal, ta yi fushi ke nan, ba za ta sake tofowa da ƙarfi ba. Washegari mutumin ya dawo da nasa laujen. Bai sake barin gonar ba, har ya kai ga neman ƙanwata, Baba ya ba shi ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Ni kuwa makaranta aka tura ni. Ba zan yi ƙarya in ce an zalunce ni ba. Da ciyawar nan aka biya mini karatu har jami'a, na karanci kimiyyar kiwon dabbobi, na sami aiki a wata ma'aikatar tarayya. Teburina ma na harkar abincin dabbobi ne. Na rubuta takardu a kan noman ciyawa da yawa, na je taro a otal-otal na yi bayani da majigi, an tafa mini. Amma duk lokacin da na je gonar Baba na ɗauki lauje, sai ya ce wa mijin ƙanwata, ba ni ba, "Karɓe, kada mutumin ofis ya yanke hannu."

Mutumin ofis. Ko kuwa "wannan". Ko "kai". Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Na san dalili, kowane Bahaushe ya sani: kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. Baba ya iya kunya iri biyu, ta gona da ta ɗan fari, kuma duk biyun miƙaƙƙu yake yin su. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ai tsakanin mutum da mijin 'yarsa ma akwai kunya. Suruki ba ya cin abinci da surukinsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. Baba ya tattara wannan ya watsar. Kwano ɗaya suke ci a gindin ɗorawa, suna musu a kan ko hadarin gabas zai sauka. Sunan mutumin nan kuwa yana fita daga bakin Baba sau ashirin kafin azahar. Kunyar da ya kamata a raba mana mu biyu, ni kaɗai aka tara wa.

Na taɓa kai ƙara wurin Inna, ina da 'ya'ya uku a lokacin, gemuna har ya fara furfura. Tana tankaɗe ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ni ka taɓa jin na kira sunanka?" Na ce a'a. Ta ce, "To, ni ma ba na son ka ke nan?" Ta ci gaba da tankaɗenta. Na fita ina jin kunya, amma kishin bai ragu ko kaɗan ba.

Wata shekara na ce bari in shiga gonar ta ƙofar da na iya. Na samo ingantaccen irin wake, mai nuna da wuri, mai 'ya'ya kamar a zuba. Na kai wa Baba da takardar bayaninsa, na ce a gwada. Ya ware mini kunya goma a gefe, mijin ƙanwata ya shuka. Da kaka na zo da abokan aikina biyu don su gani. Waken ya yi kyau, a tsaye cak, kowane gindi ya yi nauyi da 'ya'ya. Baba ya zagaya shi a hankali, hannu a baya, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi kamar mai neman kazar da ta ɓata.

Ya ce, "Ina ganyen?"

Abokaina suka yi dariya. Na fara bayani da Turanci da Hausa a kan yawan amfanin gona. Ya bari na gama, ya ce, "Madalla. Sai a ba raguna ƙosai." Mijin ƙanwata bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa, kuma wannan ya fi dariyar ciwo, don tausayina yake ji. Na shiga mota na tafi, na yi wata huɗu ban taka gidan ba. Da na dawo ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu, ya sa aka saka mini doya a but ɗin mota.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Baba mai taurin zuciya ne. Gonar tana bakin burtali, hanyar da shanu suke bi zuwa rafi, kuma kowace shekara sai an yi rigima tsakanin manoman wurin da makiyaya. Baba ya ja shingensa baya da taku goma, ya dasa gamba a wajen shingen, tsawon gonar gaba ɗaya. Ya ce wannan rabon masu wucewa ne. Saniya mai yunwa ce take karya shinge, idan ta sami abin da za ta tsinka tana tafiya, wucewa take yi. Maƙwabta suka ce ya yi asarar ƙasa. Har ya rasu saniya ba ta taɓa shiga masa gona ba, kuma matan Fulani ba sa wuce ƙofar Inna ba su ajiye ƙwaryar nono ba.

Yana da tsarinsa na naɗe harawa wanda ba ya sassautawa. Ba a taɓa ta da rana tsaka, ganyen karyewa yake ya zube. Sai da sanyin safiya, raɓa ta ɗan sauka ta yi laushi, a naɗe ta kamar tabarma, ganye a ciki kara a waje, a ɗora a rumfa inda iska take ratsawa. Idan ya kwance dami a tsakiyar rani, kore shar za ka gan shi, da ƙamshi. Masu turka raguna a Dei-Dei da ido suke gane damin Mai Ciyawa. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, ruwa ya sami harawa tana kwance. Na san wannan sarai. Ni ma na rubuta shi a takarda.

Ranar Laraba, kwana na biyu na zaman makoki, wajen hantsi, mijin ƙanwata ya taso daga ƙarshen tabarma. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gabana, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, sori. Harawa ɗin yana ƙasa tun Litinin. Gabas ya fara baƙi. In ka yarda zan je da mutum biyu mu tattara shi, ko ganye ya zube kaɗan. Kafin la'asar na dawo."

Tun jiya nake zaune ina kallon ana yi masa ta'aziyyar ubana. Yanzu ga shi a gabana a durƙushe, karo na farko a rayuwata da wani abu na gonar nan ya biyo ta hannuna. Na ɗaga kai na ga hadarin. Na gan shi da idona, ba zan ce ban gani ba. Sai na ɗaga murya yadda dillalan Dei-Dei za su ji.

Na ce, "Ko kwana biyu Baba bai yi a ƙasa ba, har ka fara lissafin gona? Abin da ke gonar nan yanzu dukiyar magada ce. Ba wanda zai taɓa ko tsinke sai an tashi daga makoki."

Na ga dattijon dillalin ya buɗe baki ya rufe. Magana ta gado ce, kuma babban ɗa ne ya yi ta, ba mai shiga. Mijin ƙanwata ya ce, "To, Yaya." Ya koma inda ya taso ya zauna. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na gyara zama, na ji a karon farko ni ne ɗan gidan.

Bayan la'asar ruwa ya sauko, irin na ƙarshen damina mai iska. Muka kwashe tabarmi muka shige zaure. Mijin ƙanwata yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ruwan, ni ina kallon ƙeyarsa. Ko a lokacin ma, da na ce masa gobe da sassafe ya je ya juya ta, da an tsira da rabi. Ƙanwata ta aiko a kira ni cikin gida, na ce ina da baƙi. Ranar Alhamis aka yi sadakar uku, ruwa ya sake sauka da azahar, ya fi na jiya. Ban janye maganata ba, shi ma bai sake tambaya ba.

Ranar Juma'a da safe na ce ya zo mu je gona. Muka tafi a motata. Tun daga burtali warin ya tare mu. Harawar ta yi baƙi ƙirin, ta manne da laka, funfuna ta yi fari-fari a ƙarƙashi. Ya tsuguna ya ɗaga wani yaɗo, ganyen ya saɓule ya bar masa kara a hannu. Ya bi layi ɗaya har ƙarshe yana ɗagawa yana ajiyewa, ko zai sami inda ruwan ya tsallake. Babu. Wannan ko akuyar tsohuwar nan ba za a ba ba, kashe ta zai yi.

Na tsaya ina jira ya zage ni. Wallahi so nake ya zage ni, ko ya dube ni da raini, in sami abin riƙewa. Ya dawo ya tsaya gefena yana goge hannu a riga.

Ya ce, "Laifina ne, Yaya."

Na ce, "Ta yaya? Ni na hana ka."

"Da Baba ne ya ce in zauna, ba zan zauna ba. Zan ce masa, tsoho, kai ka zauna, ni na tafi. Zai yi faɗa, zai zage ni, da yamma mu ci tuwo. Sau nawa muka yi haka." Ya share ido da bayan hannu. "Amma kai ban saba da kai ba. Na ji nauyinka."

Ba da nufin ya soke ni ya faɗa ba, mutumin nan bai iya haka ba. Ni dai na tsaya a cikin lakar da takalmin ofis ina juya maganar. Tsoho, kai ka zauna. Shekarata hamsin da 'yan kai, ban taɓa ce wa Baba a'a ba, ban taɓa samun ya zage ni ba, balle mu shirya a kan tuwo. Na zo gonar ina tsammanin nadama ce za ta kama ni, ta kuwa kama ni, amma ko a nan, a kan asarar da na jawo da bakina, abin da ya fi cina kishi ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciyawar da dabbobin mutane suka ci a hannunsa ta zame masa nauyi a mizani, ya yalwata masa kabarinsa fiye da yadda ya yalwata wa masu wucewa. Duk wanda ya yi masa addu'a, ina roƙo ya ƙara da babban ɗansa, don ya fi shi bukata. Na gaya wa ƙanwata da Inna gonar za ta ci gaba a hannun wanda take hannunsa, rabona a ciki ban yarda a sayar ba. Ban yi haka don zuciyata ta wanke ba, har yau ba ta wanke ba.

A ranar dai ba mu bar harawar a nan ba. Ya ce idan ta ƙara kwana a kan kunya za ta ɓata ƙasar, gara a kai ta ramin taki. Na naɗe hannun riga, na rungumi baƙin yaɗon yana ɗiga a ƙirjina, shi ma ya rungumi nasa. Ya wuce gaba ina biye da shi, don ban san inda Baba ya haƙa ramin ba.